Lissafin Mako: Yadda Ake Riƙe Buri Har Ya Cika

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A SASSAUTA)

 Gaisuwa ga mutanen Madawa da Buza da Keita, da sauran sassan jihar Tawa, da 'yan'uwanmu da ke ci-rani a Abijan da Legas.

Kowane ɗayanmu akwai abin da ya sa a gaba. Manomi yana so ya mallaki injin ban-ruwa kafin aikin rani. Uwa tana tara kayan ɗakin 'yarta. Ɗalibi yana hangen jarrabawar BEPC. Saurayi ya bar gida bayan girbi da niyyar dawowa da kuɗin aure. Niyya kam kowa yana da ita. Inda ake tuntuɓe shi ne a tsakiyar tafiya, lokacin da watanni ke shuɗewa mutum bai zauna ko sau ɗaya ya duba inda aka kwana ba. Shirinmu na yau zai tsaya ne a kan wannan zama na dubawa, mako bayan mako, da yadda mutanen yankinmu suka daɗe da sanin amfaninsa.

(ƊAN KIƊA)

Bari mu fara da iyayenmu mata. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta soma wani tsarin asusu a jihar Maradi mai suna Mata Masu Dubara. Daga can ya bazu zuwa Tawa da sauran jihohin Nijar, har ƙasashe da dama na Afirka da Asiya suka kwaikwaye shi. Mata kamar 25 zuwa 30 ne ke haɗuwa sau ɗaya a mako, a rana ɗaya da suka tsayar. Kowacce ta kawo zubinta, ko dala ashirin ce, a ƙirga a bainar jama'a, a faɗi jimilla da ƙarfi kowa ya ji, sannan a zuba cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullansa a hannun mata uku daban-daban. Mai buƙata ta ci bashi ta ja jari, ta mayar a kan wa'adi. Idan shekara ta kusa zagayowa a fasa asusu a raba.

Da yawa daga cikin matan da suka kafa waɗannan ƙungiyoyi ba su yi boko ba, da ka suke riƙe lissafi. Amma da wuya kuɗi ya ɓata, domin kuskuren wannan mako ba ya kaiwa mako na gaba sai an gano shi. Wadda ta makara ko ta ƙi zuwa ba dalili ta biya 'yar tara, ta koma cikin sahu. Rana tsayayya, adadi sananne, da shaidu: da waɗannan abubuwa uku ne dala ashirin ke zama akuya, akuya ta zama jari.

(ƊAN KIƊA)

To sai mu hau tudun Adar. Dattawanmu ba su manta da farin 1984 ba. A wannan shekarar ce aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, haɗin gwiwar gwamnatin Nijar da ƙasar Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO da PAM. Wanda ya ga fako da tsaunukan Keita a lokacin ba zai yarda ciyawa za ta sake tsirowa a wurin ba. Maza da yawa sun tafi ci-rani, mata ne suka fi yawa a fagen aikin da ake kira gina-ka-ci. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su don tare gudun ruwa, suka haƙa ramuka a jikin tsauni aka dasa itace.

Ba a ce wa kowa ya je ya farfaɗo da ƙasar Keita baki ɗaya ba. An yanka aikin ne gunduwa-gunduwa: ramuka kaza ga wannan rukuni, jerin duwatsu mita kaza ga wancan, a auna a rubuta, sannan a ba da abinci. A cikin shekaru kusan 20 aka gyara fiye da kadada dubu 34, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18.

Haka a kwarin Majiya da ke Buza, inda tun 1975 aka soma dasa dogon yaro layi biyu-biyu don kare gonaki daga iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Dashen ya fi komai sauƙi. Sai da aka sa masu gadi suna zagayawa shekara da shekaru suna korar dabbobi, ana maye gurbin wanda ya mutu, kafin layukan su tashi.

Manomin albasa na kwarin Tarka ma ya san wannan karatu. Lokacin girbi farashi a ƙasa yake, shi ya sa mai hali ke zuba albasarsa a rudu ya jira kasuwa ta tashi. Amma wanda ya rufe rudu ya juya baya wata uku, ruɓaɓɓiya ɗaya sai ta ja masa asarar buhu. Mai leƙawa a kai a kai yana tsince ta tun ba ta shafi 'yan'uwanta ba.

(ƊAN KIƊA)

Yanzu, mai sauraro, ya za ka yi da naka burin?

Da farko tsayar da rana. Yammacin ranar kasuwar garinku ya dace, domin a ranar ce ake sanin abin da ya shigo da abin da ya fita. Wani kuma ya fi son bayan sallar Juma'a.

Na biyu, mayar da burin abin ƙirgawa. "Ina son in tara kuɗi" magana ce kawai. "Jika biyu kowane mako har watan azumi" shi ne ake iya binsa. Ɗalibi ya ce darasi nawa, almajiri ya ce allo nawa zai wanke, mai lambu ya ce fangali nawa. Wanda bai iya rubutu ba ya yi zane a bango ko ya jefa tsakuwa a gwangwani.

Na uku, nemi shaida: matarka, ko mijinki, ko aminin da ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya. Ɗan ci-rani ya turo abin da ya samu gida a kan kari, kada ya bar shi a aljihu birni ya cinye.

Na huɗu, idan mako ya zo da gardama, rashin lafiya ko biki ko rasuwa, kada ka watsar da tafiyar. Duba abin da ya hana, ka rage adadin idan ya yi maka nauyi, ka ɗora daga inda ka tsaya. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wadda za ta ɓaci ma a Larabar ake tare ta.

Jama'a, kada mu jira sabuwar shekara ko bayan salla. A cikin makon nan kowa ya zaɓi ranarsa, ya faɗi adadinsa, ya sami shaidarsa. Allah Ya sa albarka a cikin nema, Ya cika mana burinmu na alheri. A nan muka kawo ƙarshen shirin, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Mu huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)