Mu Je Mu Ga Inda Ruwan Kogin Wudil Yake Fitowa

Duk mutumin Ajingi ko na Gaya da ya taɓa zuwa Kano ya haye gadar Wudil. Amma mutum nawa ne a cikinmu suka san inda ruwan nan yake fitowa? Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, yaranmu da yawa ba su taɓa ganin ruwa yana zubowa daga kan dutse ba. Ƙungiyar gama kai tana iya shirya tafiya ta je ta gani, in dai an yi shiri sosai.

Babban reshen ruwan shi ne Kogin Kano. Yana tasowa daga ƙasar duwatsu ta kudu, ya bi ta dajin Falgore, ya taru a madatsar Tiga wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan ya haɗu da Kogin Challawa kafin ya iso Wudil. A can kudun, cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa, akwai duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. A wannan yanki ne kuma matsirgar ruwa ta Zainabi take, wato wurin da ruwa yake gangarowa daga kan dutse.

Lokacin tafiya

A watan Agusta da Satumba ruwan ya fi ƙarfi, amma duwatsu suna da santsi, rafi kuma yakan cika farat ɗaya ko da ba a yi ruwa a inda kuke ba. Ga kuma aikin gona. In an jira har Disamba ko Janairu, hazo zai rufe ko'ina, a sha wahalar hawa a rasa abin hange. Da bazara kuwa ruwan ya ja baya, rana ta yi zafi. Saboda haka ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi, bayan an shigar da gero, kafin yankan dawa.

Hanya

Daga Ajingi za a bi Gaya, Wudil, Kano, Kwanar Dangora, Tudun Wada, a ratsa Falgore. Tafiyar ta haura kilomita 200 nesa ba kusa ba. Kada kowa ya ruɗe ku cewa za a je, a hau dutse, a komo a rana ɗaya. A ware kwana uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dutse, ɗaya na dawowa. In an tashi Alhamis za a kwana gida ran Asabar.

Dajin Falgore ya sha fama da ɓarayin shanu da masu tare hanya. Kada a ratsa shi da dare. Tun mako biyu kafin tafiya a aiki mutum biyu su gaida dagaci, su sanar da 'yan sanda, su nemi masauki da ɗan jagora ɗan gari. In mutanen wurin suka ce a dakata, a dakata. Kuɗin motar da aka yi asara ba su kai ran mutum ɗaya ba.

Ma'aji ya rubuta kuɗin mota, abinci, masauki da ladan ɗan jagora, a raba wa masu zuwa. Kada a taɓa kuɗin taki ko na iri.

Ranar hawa

A kama hanya da ƙarfe 6 na safe. A fara hawa wurin hange tun da sanyi, a sauko matsirga da rana ta take. Kowa ya riƙe ruwan sha lita 3, da gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko dabino. A sa takalmi mai rufe ƙafa, ban da silifa. Ɗan jagora a gaba, mai ƙarfi ɗaya a baya, a yi tafiya daidai da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni. A ƙirga mutane a gindin dutse, a bisansa, da kuma a bakin mota. Ƙarfe 2 na rana a juyo, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba, gama rana tana fāɗuwa wajen ƙarfe 6, saukowa kuma ta fi hawa haɗari.

Kada a yi iyo a gindin matsirga, ba a san zurfinsa ba. Kada a leƙa tsofaffin ramukan kuza. Kada a sa hannu a kogon dutse. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya; a ɗauke shi a kai asibiti nan da nan. Kada a kunna wuta a daji.

Abin da za a kawo gida

Da kun kai bisa, ku zauna ku duba da idon manomi. Ku gwada gefen da itatuwa da ciyawa suka rufe da gefen da aka sassare. A na farkon ƙasa tana nan, ruwa yana tsattsafowa a hankali har bayan damina. A na biyun sai kwazazzabai da tsakuwa. Abin da yake faruwa ke nan a gonakinmu, sai dai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba a saurin lura. Magatakarda ya rubuta abin da aka gani, a karanta a taro na gaba, a yi shawara a kan barin gawo a gona da dasa gamba a kan iyaka.

Ƙungiyar da ba ta da halin zuwa Riruwai bana, ga duwatsun Dutse nan kusa da mu a Jihar Jigawa. Ana zuwa a dawo a yini ɗaya. A fara gwada ƙafa a can, baɗi a nufi kudu.