Yadda Za Mu Kula Da Sokawe Kafin Ya Lalace

'Yan'uwa, masai na ruwa yana ƙara yawa a ƙauyukanmu. Ana samunsa a gidan fasto, da ɗakin shan magani, da makaranta, da gidajen da 'ya'yanmu na birni suka gina. Amma da zarar magini ya rufe ramin da siminti sai mu manta da shi, har ranar da wari ya hana mu zama a tsakar gida. A ranar kuwa gyara ya riga ya yi tsada.

Me ke faruwa a ƙarƙashin siminti?

Abin da muke kira sokawe ramuka biyu ne, kowanne da aikinsa. Na farko tanki ne da aka shafe cikinsa da siminti don kada ya yi yoyo. A nan ƙazanta mai nauyi takan kwanta a ƙasa ta zama laka, maiƙo ya taso sama, ruwa ya tsaya a tsakiya. A ciki akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda ke cin ƙazantar suna rage ta. Ruwan tsakiyar ne kaɗai ya kamata ya wuce rami na biyu, wanda aka bar wa kafofi a jikin bulo domin ƙasa ta shanye shi a hankali.

Ƙwayoyin nan ba sa cinye lakar duka. Kowace shekara tana ƙaruwa. Idan ta kai bakin bututu sai ta bi ruwa zuwa rami na biyu, ta liƙe kafofin ƙasa, ruwa ya daina shanyewa. Tanki idan ya cika ana iya yashe shi. Rami na biyu kuwa idan ya toshe, sau da yawa sai an haƙa sabo.

Gwaji da sanda

Sau ɗaya a shekara, kafin damina, a buɗe ƙaramin murfin tanki. A naɗa farin tsumma a doguwar sanda, a tura ta har ƙasa, a bar ta 'yan mintoci, sannan a zaro a hankali. Baƙin laka zai nuna a jikin tsumman. Idan ya kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan, lokacin yashewa ya yi. Yawancin gidaje sukan buƙaci haka bayan shekara 2 zuwa 5, amma makaranta ko gidan abinci ba sa kai haka. Idan mota ta zo kwashewa, a bar ɗan laka a ƙasa, domin shi ne irin ƙwayoyin da za su ci gaba da aiki.

Kada a jira shekara idan ruwa yana jinkirin wucewa a masai, ko bututu yana ƙugi, ko ƙasa tana jiƙe kusa da ramin da rani.

Abin da ba a zubawa

Leda, tsumma, audugar mata, kunzugun jarirai da totuwar masara ba sa narkewa, bututu suke toshewa. A ajiye bokiti mai murfi a banɗaki dominsu. Baƙin mai, kananzir da maganin feshi suna kashe ƙwayoyin da ke yi mana aiki, haka ma Izal idan ya yi yawa. Masu sayar da abinci su riƙa kwashe mai daga tukunya kafin wanki, gama yakan daskare a bututu. Kada a juya ruwan kwano ya shiga tanki, kada mota ta tsaya a kan murfi, kada kuma a dasa mangwaro ko darbejiya kusa, domin saiwa takan fasa bulo.

Rijiyarmu

Tun ran gini, ran zane. A bar aƙalla mita 30 tsakanin sokawe da rijiya, ramin kuma ya kasance ta gangare, ba ta tudu ba. Ruwan da ke fita daga tanki yana ɗauke da ƙwayoyin taifot da na amai da gudawa ko da ya yi fari. A shekarar 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, yawancinsu a arewa. Saboda haka a tambayi mai mota inda zai zubar da abin da ya kwasa. Idan rafi ne, maƙwabtanmu na ƙasa ne za su sha.

Kada kowa ya shiga

Iskar da ke cikin tanki tana iya sumar da ƙato nan take, tana kuma kama wuta. Kada a leƙa da ashana ko aci-bal-bal. Idan wani ya faɗa, kada a bi shi ciki, gama ta haka mutum biyu ko uku kan mutu a rami ɗaya. A kira jama'a, a jawo shi da igiya daga waje. Murfin da ya tsage a canja shi nan da nan saboda yara.

Muna roƙon kowace majalisa ta zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa yin gwajin sanda, yana rubuta ranar a littafi, a kuma riƙa ajiye ɗan kuɗin yashewa bayan kowace kaka. Gidaje uku ko huɗu za su iya haɗa kai su kira mota rana ɗaya, su raba kuɗin hanya.