Amsar Wasiƙa: Shin Tsutsar Gyaɗa Tana Ɓarna A Gona?

Wani manomi daga Bunkure ya rubuto yana cewa ya ji ana zancen "tsutsar gyaɗa", shin za ta iya biyo ruwan Tiga ta shiga gonarsa?

To Malam, kwantar da hankalinka. Wannan tsutsa ba ta cin gyaɗa, a ruwan gishiri na teku kaɗai take rayuwa. An laƙaba mata sunan ne domin in an taɓa ta, sai ta janye kai ta dunƙule kamar ƙwayar gyaɗa.

Masana sun ƙidaya kimanin iri 150, galibinsu ba su kai santimita 10 ba. Wasu kan haƙa rami cikin yashi ko laka a gaɓar teku, wasu su maƙale a tsagar dutse. Ana samunsu tun daga tekuna masu ɗumi har zuwa masu ƙanƙara. A kudancin ƙasar Sin ma cin su ake yi.

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ruwan daɗi ne, ba za ta rayu cikinsa ba. Tsutsar da za ka yi hattara da ita ita ce ta tsargiya. Tana girma a jikin ƙananan katantanwa na hanyoyin ban-ruwa, sannan ta huda fatar wanda ya shiga. In ka ga jini a fitsarin yaro, garzaya da shi asibiti, akwai magani. A kuma daina fitsari da bahaya cikin ruwan.

Allah ya ba da amfani mai albarka.