Kafin Mota Ta Hau Titin 318

Kowace shekara hukumomin jihar Nebada ta Amurka kan rufe wani yanki na titi mai lamba 318, tsakanin garuruwan Lund da Hiko, su bar wa masu tseren mota shi na yini guda. Mil 90 ne na kwalta a cikin hamada, wajen kilomita 145. Tun 1988 ake wannan gasa mai suna Silver State Classic Challenge, akwai kuma irinta a Tekzas, tsakanin Fort Stockton da Sanderson.

Ba a jera motocin a sake su tare. Ɗaya bayan ɗaya suke tashi, kowane direba da matsakaicin gudun da ya zaɓa tun farko, kuma wanda ya fi dacewa da lokacinsa shi ke cin rukuninsa. Wanda ya zaɓi mil 110 a awa, minti 49 da daƙiƙa 5 ake so ya yi. Akwai kuma iyakar da in maleji ya haura ta an kori mutum. Sabon shiga dai a ƙananan rukunai yake farawa, bayan ya zauna darasi. Shi ya sa duk wanda ya fara zuba kuɗinsa wajen ƙara wa inji ƙarfi ya ɓata su, domin motar zamani mai lafiya tana iya wannan gudun yadda ta fito daga kamfani.

Taya ce abin tsoro. Gudu mai tsawo ba tsayawa yana tara zafi a cikin roba, ƙarancin iska kuma yana ƙara shi, har taya ta yi bindiga. A gefen kowace taya akwai harafin da ke faɗin iyakarta: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Akwai kuma lambobi huɗu na mako da shekarar da aka ƙera ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya kan bushe ko da zanenta bai cinye ba, mai faci kuwa ba ta da wuri a nan. Waɗannan alamomin suna jikin kowace taya da ake sayarwa a Kano ko Maraɗi, kuma ya kamata direban da ke bin doguwar hanya da zafin bazara ya iya karanta su.

Sai batun ruwaye. Man birki yana shan laima a hankali. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 aƙalla, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155, a taka birki a ji shi lagwaf. Dole a juye shi a zuba sabo. Haka baƙin mai da ruwan lagireto, a kuma duba fanbel da tiyo-tiyon roba, tunda inji zai yi kusan awa guda yana aiki tuƙuru a tudu mai ƙarancin iska.

Ranar bincike jami'ai suna duba hular kwano, bel, safar hannu, tufafin da ba sa narkewa a wuta, da tukunyar kashe gobara da aka ɗaure tamau. Duk wani tarkace a cikin mota sai an kwashe. Manyan rukunai kuma sai da ƙarafan kariya a cikin mota da rigar hana ƙuna.

Yawancin direbobi suna ɗaukar abokin tafiya mai riƙe da agogo da takardar lissafi, yana faɗin ko an yi gaba da lokaci ko an yi baya a kowace alamar mil. A kusa da ƙarshe akwai kwanoni a matsatsin duwatsu da ake kira Narrows, inda tilas a rage gudu, don haka masu dabara tun a miƙaƙƙen titi suke tara 'yan daƙiƙoƙin da za su kashe a can.