Matsayin Ɗan Sha'awa a Wasannin Gasa na Kwamfuta

Idan aka ce wasan gasa na kwamfuta, ana nufin wasan da mutane suke karawa da juna ta intanet, kowa da kwamfutarsa ko wayarsa, har a fitar da wanda ya yi nasara. Daga cikin irin waɗannan wasanni akwai Fortnite da Call of Duty da PUBG, inda akan zuba 'yan wasa har 100 a tsibiri guda, wanda ya rage shi ne zakara. Masu yin su kashi biyu ne. Akwai gwani, wanda yake shafe sa'o'i kullum yana atisaye. Akwai kuma ɗan sha'awa, wato mai taɓa wasan jefi-jefi bayan ya tashi daga aiki ko karatu. Abin tambaya shi ne, ko ɗan sha'awa yana da sauran rabo a fagen da gwanaye suka cika?

Amsar ta ta'allaƙa ne ga wanda aka haɗa shi da shi. A wajen dara, ido na ganin ido: gwani ya san ɗan koyo, yakan kuma sassauta masa. A intanet kuwa na'ura ce take haɗa abokan karawa, ita kuwa lissafi kawai ta sani. Tushen wannan lissafi shi ne tsarin Arpad Elo, malamin kimiyya a Amurka, wanda hukumar wasan ces ta duniya, wato darar Turawa, ta karɓa a shekarar 1970. A tsarin, kowane ɗan wasa yana da maki. In ya ci wanda ya fi shi, makinsa ya hau sosai. In ya ci na ƙasa da shi, ƙarin kaɗan ne. Wanda ya fi abokinsa da maki 200, ana sa ran zai samu kusan kashi 76 cikin 100 na nasara. Kamfanin Microsoft ya faɗaɗa dabarar a 2005 da tsarin TrueSkill, domin ta dace da wasan ƙungiya.

Wannan tsari garkuwa ce ga ɗan sha'awa. A 2024 kamfanin Activision ya bayyana cewa da ya sassauta la'akari da ƙwarewa wajen haɗa 'yan wasan Call of Duty, sai masu ficewa a tsakiyar wasa suka ƙaru, akasarin 'yan wasa kuma suka rage dawowa. Gwanayen da suke sama ne kawai suka ji daɗin canjin. Haka kuma, tun 2019 Fortnite ya shigo da 'yan wasan bogi waɗanda na'ura take sarrafawa, domin sabon shiga ya ɗanɗani nasara kafin ya haɗu da maza.

Sai dai garkuwar tana da nauyi. Da zarar ɗan sha'awa ya ƙara iyawa, sai a haɗa shi da waɗanda suka fi na jiya, don haka nasararsa ba ta cika wuce rabi ba. Ya ci gaba, amma bai gani a ƙasa ba. A ganina wannan ya fi shan kaye kashe gwiwa, domin ɗan Adam yana son shaidar ƙoƙarinsa.

Bugu da ƙari, wasu gwanaye sukan buɗe sabon asusu, su shiga rigar 'yan koyo su yi ta casa su, kura da fatar akuya ke nan. Kamfanoni kuma sukan sauya ƙarfin makamai da taswirar fage lokaci-lokaci. Wanda ya yi wata uku bai leƙa ba, zai tarar makinsa yana nan kusan yadda ya bar shi, alhali fagen da ya sani ya sauya, hannunsa kuma ya yi sanyi.