Sanda Ko Na'ura: Yadda Ake Neman Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa A Suleja

SULEJA — Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta koma Abuja a watan Disamba na shekarar 1991, garin Suleja na Jihar Neja ya cika ya batse da ma'aikata da 'yan kasuwa, abin da ya sa ruwa ya zama haja mai tsada. Masu otal-otal da masu buga bulo da masu sana'ar ruwan leda duk sun dogara ga rijiyar burtsatse, kuma tambayar farko da ke gaban kowannensu ita ce: a ina za a haƙa?

Tambayar tana da nauyi domin garin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda Dutsen Zuma ya fito da shi fili. A irin wannan ƙasa ruwa yana taruwa ne a cikin ruɓaɓɓen dutse na sama da kuma tsagogin da ke ƙarƙashinsa, saboda haka wata rijiya kan ba da ruwa, maƙwabciyarta kuwa ta fito a bushe.

Wannan rashin tabbas shi ke buɗe kasuwa ga masu duban ruwa da reshe mai baki biyu ko sandunan ƙarfe, waɗanda kan ce sanda na sunkuyawa idan an taka “jijiyar ruwa” ko “kogin ƙarƙashin ƙasa”. Al'adar tsohuwa ce, domin Georgius Agricola na Jamus ya bayyana ta a littafinsa na haƙar ma'adinai a shekarar 1556. Amma a gwajin da aka gudanar kusa da birnin Munich a 1987 da 1988, inda aka zaɓi mutum 43 mafi ƙwarewa, nazarin da masanin Amurka Jim Enright ya yi daga baya ya nuna cewa sakamakonsu bai fi na mai canke ba. Masana sun danganta motsin sandar da ƙaramin motsin hannu wanda mai riƙon bai san yana yi ba.

Ya kamata a bambanta wannan da ilimin tsofaffin masu haƙar rijiya, waɗanda ke lura da gangaren ƙasa da fadama da itatuwa irin su ɓaure da giginya, alamun da ke da tushe a kimiyya.

Masana ilimin ƙasa kuwa suna tura lantarki cikin ƙasa su auna yadda take tare shi, domin jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen dutse ya fi busasshe saurin wuce da lantarki. Na'urar ma ba ta ganin ruwa ido da ido. Rage haɗarin asara kawai take yi.

A nan ne kalmomi ke zama kuɗi. “Akwai ruwa” ba alkawari ba ne da za a iya kai wa gaban alƙali. Abin da ke kare jarin ɗan kasuwa shi ne rubutacciyar yarjejeniya mai fayyace zurfin rijiya da mita, da yawan litar da za ta bayar a kowace awa bayan gwajin famfo, musamman da rani, da kuma wanda zai ɗauki asara idan ta fito a bushe. Kuɗin binciken kaɗan ne idan aka kwatanta da na haƙa, kuma ramin da ya bushe ba ya mayar da ko kwabo.