Kalmar sirri da umarnin cikin na'urorin gida

A wasu gidaje na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, yanzu ana samun na'urori masu haɗuwa da intanet: akwatin wifi, kamarar tsaron ƙofa, talabijin, har da fitilar da ake kunnawa ta salula. Kowace ɗaya tana da umarni da maƙeranta suka rubuta a cikinta. Shi ne yake gaya mata abin da za ta yi idan an kunna ta, kuma ba ya gogewa ko da wuta ta ɗauke. Mai na'ura yana da ikon canja wasu sassa nasa. Mafi muhimmanci ita ce kalmar sirri.

Na'urori da yawa suna fitowa daga masana'anta da kalmar sirri iri ɗaya, kamar "admin" ko "1234". Ku ɗauka maƙeri ya sayar da kwaɗo dubu, dukansu mabuɗi ɗaya ke buɗe su. Wanda bai canja wannan kalma ba, ƙofarsa a buɗe take.

Abin ya taɓa faruwa. A shekarar 2016, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa bin intanet tana gwada kalmomin sirri na masana'anta wajen 60. Da su kaɗai ta shiga dubban ɗaruruwan kamarori da akwatunan wifi, masu su ba su sani ba. Ranar 21 ga watan Oktoba aka yi amfani da na'urorin wajen kai hari a Amurka, har Twitter da Netflix suka tsaya wa mutane da yawa. A ƙarshen shekarar, irin wannan hari ya dagula intanet a Laberiya.

Canja kalmar ba wuya. A ƙarƙashin akwatin wifi akwai takarda manne da lambobi, sau da yawa 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Ku haɗa salula da wifin, ku rubuta lambobin a wurin da ake rubuta adireshin intanet, ku shiga da kalmar da ke kan takardar. Ku nemi inda aka rubuta "Mot de passe". Ku zaɓi kalma mai tsawo, haruffa gauraye da lambobi. Kada ta zama sunan ɗanku ko lambar salularku, don maƙwabta sun san su. Ku rubuta ta a littafi ku adana. Idan karatun Faransanci ya yi muku nauyi, ku nemi wanda kuka amince da shi, amma ku buga kalmar da hannunku.

Lokaci-lokaci maƙera suna aiko da sabon umarni mai toshe ɓarakar da aka gano. A allo ana ganin "Mise à jour". Ku amince, sai dai ku kula da wuta: idan ta ɗauke a tsakiyar aikin, na'urar tana iya mutuwa, gyaranta kuma ya gagara. A lokacin zafi, da wuta take yawan ɗaukewa, gara a jona ta da batir ko hasken rana tukuna. Kada a cire waya sai fitilunta sun daina ƙiftawa.

A bayan akwatin akwai ɗan rami da ake dannawa da tsinke kamar daƙiƙa 10 idan an manta kalmar sirri. Yana mai da komai yadda ya fito daga masana'anta, har da tsohuwar kalmar. Duk wanda ya danna shi, sai ya sake sa sabuwa nan take.